Abin da Tsohon Ƙanƙara Bai Faɗa Ba

Masu rubuta min a ƙasa cewa na cika zafin kai, na gan ku, kuma ban yi fushi ba. Amma yau ku ajiye hukuncinku a gefe ku ji ni har ƙarshe, don abin da mutumin nan ya yi min a tsakiyar falonmu ya wuce rainin hankali. Ina rubutun nan ne da rigar aikina a jikina, ko ruwa ban iya sha ba saboda takaici.

Bari na fara da Baba, don komai a kansa ya rataya. Babana kafinta ne, irin wanda zai shafa kujera da tafin hannu ya gaya maka ta inda za ta fara karyewa. Bara hawan jini ya kayar da shi a shagonsa, ya farfaɗo ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo masa a hankali, ƙafa ma ta ɗan saki, amma hannun da ya tsufa yana riƙe zarto ya koma kamar na aro. Tun daga nan Baba ya ɗaure wa duniya fuska. Likita ya ce ya bar gishiri, Baba ya ce likitan bai kai ɗan cikinsa ba. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya wurga ta bayan kabad. Ƙwayoyi kuwa abin kunya ne a wurina: ni da nake aiki a kantin magani, nake wuni ina yi wa mutanen gari bayanin na safe da na yamma, na kasa sa mahaifina ya haɗiyi ɗaya ba tare da rigima ba. Mama ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi, duk ko a jikinsa.

Sai wata rana da yamma ina canza tasha muka faɗa kan wani shiri na mutanen da ke zaune can ƙuryar arewacin duniya, inda dusar ƙanƙara ke binne gida har taga. Babu titi, babu kasuwa, babu maƙwabci. A cikinsu akwai wani tsoho mai farin gemu, shi kaɗai da karnukansa, yana gina ɗaki da gungumen itace ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. Na kai hannu zan wuce, sai na ji muryar Baba daga kujerarsa ta gefen taga.

"Tsaya. Mayar min da wancan."

Ya yi ta kallon yadda tsohon ke sassaƙe bakin gungume da gatari ya ɗora shi a kan ɗan'uwansa ya zauna daram. Can ya gyaɗa kai ya ce wannan ya san aiki. Wallahi tun da ya kwanta ban ji ya yabi wani abu ba sai ranar. Baba ba ya jin Turanci in ban da sunayen kayan aiki, don haka ya ce na zauna na riƙa gaya masa abin da mutumin ke cewa. Shi ya raɗa masa suna Tsohon Ƙanƙara, kuma daga ranar duk yammar da ake shirin ina zaune a kan darduma kusa da ƙafarsa, rimot a hannuna.

Da farko gaskiya nake faɗa tsantsa. Tsoho ya ce kifi ya yi ƙaranci a kogi, na ce kifi ya yi ƙaranci. Amma wata rana aka nuno shi yana murza yatsunsa a bakin murhu saboda sanyi, Baba ya tambaye ni me ya ce. Na dubi hannun Baba a kwance a kan cinyarsa, na ji bakina yana cewa: ya ce hannunsa ya taɓa sagewa, shi ya sa kullum da safe sai ya matsa shi sau da yawa, don wanda ya bar hannunsa ya mutu ba ya ganin ƙarshen sanyi. Washegari na tarar da Mama a durƙushe da tsintsiya tana zaƙulo ƙwallon roba daga bayan kabad, wai shi ya sa ta.

To ku gaya min, ku da a ce ku ne za ku tsaya a nan? Ni dai ban tsaya ba. A hankali Tsohon Ƙanƙara ya daina cin gishiri. Ya zamana yana da 'yar kwalbar magani da ba ya tsallake ta ko ana ruwan ƙanƙara. Yana zagaya ɗakinsa da sanda bayan cin abinci, kuma ya tsani mutum mai fushi da matarsa a kan miya. Duk abin da likita ya faɗa aka watsar, da ya fito ta bakin Tsoho sai ya zama doka a gidanmu. Jinin Baba ya sauka, yatsunsa biyu suka fara motsi, har ya koma tsokanar Mama. Ba na neman gafarar kowa a kan wannan, gobe ma aka dawo da ni sai na sake.

Mama ta gane tun tuni. Wata rana muna wanke-wanke ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, ko tsohon nan nawa asibiti ya yi aiki kafin ya shiga daji. Na yi dariya, ita ma ta yi, magana ta mutu a nan.

Sai Gwaggo ta shigo cikin lamarin. Gwaggo yayar Baba ce, kuma tun da na haura ashirin da biyar ta mayar da zamana a gida ciwon kanta. Ba ta shigowa ta fita ba ta lissafa min ƙannen bayana da suka haihu ba. Ita ta kawo min mutumin nan a matsayin manemi, ɗan wata ƙawarta. Dogo ne, wankan tarwaɗa, da siririn tabarau da farar riga mai dogon hannu da ta sha guga har tana tsayuwa da kanta. Yana magana a hankali kamar mai tsoron kada kalma ta zube. Aikinsa tafinta ne a kotu, shi ya sa kowa a gidan ya koma kiransa Tafinta.

Zuwansa na farko ya faɗo daidai lokacin shirin. Na sa doguwar rigata ruwan toka da ƙaramin mayafi, ko hoda ban shafa ba, don Gwaggo ta san ba a shirye nake ba. Baba ya ce baƙo ya zauna a kalla tare, don shi ba ya ɗaga Tsoho saboda kowa. Ni kuma, don tsabar sabo, na manta sam da sana'ar mutumin da ke zaune a bayana. Tsoho yana yanka wa karnukansa busasshen kifi yana bayanin wanda ya fi ci a cikinsu, ni kuwa na dage ina cewa ya ce gishiri maƙiyin jijiya ne. Sai na ji an ƙware da shayi a bayana. Na waiga, ya goge bakinsa da hankici, ya ce wa Baba lallai tsohon nan akwai hikima.

Bai kai bakin titi ba saƙonsa ya shigo wayata.

"Ban san karnuka ma suna fama da hawan jini ba."

Na rubuta: "Ban gane ba."

"Kin gane. Kwantar da hankalinki, a kotu kaɗai na yi rantsuwa."

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, ba zan ɓoye muku ba. Na zauna na rubuta masa komai, tun daga faɗuwar Baba har ƙwallon roba. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, sannan ya turo cewa a duk shekarunsa na aiki bai taɓa jin fassarar da ta kai wannan kyau ba. Na karanta saƙon ya fi a ƙirga. Ku yi min dariya in kun so, na cancanta.

Daga nan ya zama ɗan gida. Duk ranar shiri yana nan da ledar lemo da ayaba, ya cire takalmansa ya jera su a bakin ƙofa kamar za a ɗauke su hoto. Shi da Baba su yi ta musu a kan ko rufin Tsoho zai ɗauki nauyin ƙanƙarar bana. In na saki wata babbar ƙarya, sai ya gyara tabarau ya ce, "Haka ya ce, Baba." Na fara zaɓar rigar da zan sa tun da safe. Na fara duba waya a ƙarƙashin kanta a wurin aiki. Amma da ya kawo maganar aure na gaya masa gaskiya: ina da sauran karatun haɗa magunguna da nake son ƙarasawa, Baba bai gama miƙewa ba, kuma ban gama saninsa ba. Na ce ya ba ni lokaci. Ya rubuto min cewa lokaci nawa ne, shi mai jira ne. Na ajiye wannan saƙon, yana nan har yanzu, in kuna so na nuna muku.

Yau da rana motar kaya ta iso kantinmu a makare, abokiyar aikina kuma ta tafi kai ɗanta asibiti. Mai kanti ya ce babu inda za ni sai an jera komai an duba kwanan watan kowane kwali. Ina tsaye a cikin kwalaye na ga lokacin shiri yana matsowa, na tura wa Tafinta saƙo ya ce wa Baba ya yi haƙuri, dikodar talabijin tana ajiye shirin, in na dawo sai mu kalla.

"Kin san Baba ba zai jira ba," ya amsa. "Bari na riƙe miki wurin yau."

Har da godiya na yi masa. Har da tuna masa ya sako maganar tafiya da sanda, don Baba ya fara ha'inci kwana biyun nan. Ni da hannuna na miƙa masa wurin zamana.

Da na iso gida rana ta kusa faɗuwa. Abin da na fara gani a bakin ƙofa takalman Gwaggo ne, waɗanda take sawa in za ta wurin da ake murna. A falo an ɗaga labule, an fito da kofunan baƙi masu bakin zinariya da Mama ke ɓoyewa a saman kabad. Gwaggo ta tarbe ni da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba, har da ce min sannu da aiki 'yar albarka. Tafinta yana zaune a kan dardumata, a wurina, rimot a gefensa. Baba kuwa ya sa hularsa, idanunsa sun yi ja.

"Uwata, zo nan," ya ce. Haka yake kirana tun ina ƙarama.

Na durƙusa a gabansa. Ya ce yau Tsoho ya yi magana mai nauyi. Wai ya zauna a bakin ƙofarsa ya ba da labarin 'yarsa, wadda ya riƙe a gefensa tana yi masa hidima lokacin da ya yi ciwo, har masu nemanta suka gaji suka watse, ƙuruciyarta ta ƙare a bakin murhunsa. Wai ya ce ba shi da nadamar da ta kai wannan, kuma duk uban da ya mayar da 'yarsa sandar dogarawa ya ci amanarta. Wai in mutumin kirki ya zo ya zauna da kai a cikin ciwonka, kada ka bari wani sanyin ya zagayo bai zama surukinka ba.

Baba ya kamo hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Ashe nauyi na zame miki ban sani ba. Ki yafe min."

Jama'a, Tsohon Ƙanƙara ba shi da 'ya. Tun da muka fara kallonsa bai taɓa ambaton mace ko ɗa ba, karnuka ne da shi da tsohuwar bindiga da kwalekwale mai yoyo. Amma ba wannan ne ya fi ƙona min rai ba. Mutumin nan ya dubi mahaifina, wanda na sha wahala kafin na ciro shi daga ramin da yake ganin kansa ba shi da amfani, ya mayar da shi ciki da hannu biyu, don kawai ya gajarta wa kansa jira. Mahaifina yana neman gafarata a gaban baƙo.

Na ce bari na ajiye jaka, na wuce kicin. Mama tana tsaye tana yanka lemon da Tafinta ya kawo. Na ce mata ta san ƙarya ce. Ta ce ta sani. Na ce kuma ta zauna ta yi shiru? Ta ce wata da watanni tana yin shiru a kan tawa, ban taɓa zuwa na yi mata ƙorafi ba, kuma ita ba ta ga aibun yaron ba. Ta ƙara da cewa na yi hattara, in na tona tasa tawa ma ta tonu, kuma ita ba za ta iya komawa zamanin ɓoye ƙwaya a cikin ayaba ba. Ta ɗauki faranti ta fita ta bar ni da wuƙa a kan tebur.

Na ciro waya na rubuta wa Tafinta.

"Tsohon ba shi da 'ya."

Ta ƙofar kicin ina hango shi. Ya duba wayar, ko gezau bai yi ba, ya rubuta da babban yatsa ɗaya yana yi wa Gwaggo murmushi.

"Ba shi da hawan jini ma."

"Ka sa mahaifina kuka."

"Kin sa shi shan magani, na sa shi tunanin gobenki. Sana'armu ɗaya ni da ke. Kuma ba sharri na nufa ba, sonki nake yi."

"Ka ce lokaci nawa ne."

"Naki ne. Na ɗan taya ki ne kawai."

Na ɗan taya ki. Ku ji fa. Na tsaya ina kallon kalmomin nan, na tuna rigunan da na riƙa zaɓa saboda shi. Mutumin da zai iya wannan tun yana cire takalmi a ƙofar gidanmu, me zai saka a bakin wa in na shiga gidansa? Kuma ya lissafa komai tsaf, irin lissafin wanda ya saba zama tsakanin alƙali da mai laifi. Ya san ba ni da hanyar ƙaryata shi sai na rushe Tsoho, in Tsoho ya rushe kuma lafiyar Baba ta bi shi.

Na wanke fuskata na koma falo. Gwaggo ta riga ta yi nisa, tana lissafa ranar da ta dace manyansa su zo a gana. Mama ta kawo wa Baba ƙwayarsa ta yamma da kofin ruwa, ya karɓa ya riƙe a tafin hannu kamar yadda ya saba, don sai ya gama magana yake sha. Ya ɗago kai ya dubi Gwaggo ya ce ta dakata tukuna. Ya ce bai raina fassarar yaron nan ba, amma shi kunnensa ya saba da bakin Uwata, kuma magana mai girma irin wannan yana so ya ji ta daga wurina. Ya ce a mayar da shirin wurin da Tsoho ya zauna a bakin ƙofa.

Tafinta da kansa ya miƙo min rimot, da ladabi, da hannu biyu. Ya dube ni ta saman tabarau, kallon wanda ya riga ya san amsa.

Na mayar da shirin. Ga Tsoho nan a bakin ƙofarsa, hayaƙi yana fita daga bakinsa saboda sanyi, yana shafa wa takalmansa kitse. Magana yake yi a hankali, yana nuna sama da haɓa. Mama ta kafa min ido tana girgiza kai kaɗan-kaɗan. Na san abin da ya fi sauƙi. Kalma biyu ce, haka ne, sai kowa ya yi barci da daɗi, Baba ya haɗiye ƙwayarsa, ni kuma na wayi gari da miji. Na dubi jajayen idanun Baba, na ji ba zan iya barinsa ya kwana yana ganin kansa nauyi ba.

"Baba, cewa ya yi rufinsa yana yoyo ta gefen bututun hayaƙi. Kuma kogi bai daskare da wuri ba bana, don haka zai jinkirta zuwa ɗauko itace. Bai ambaci 'ya ba. Ba shi da ita. Kai kuma ba ka taɓa zame min nauyi ba."

Gwaggo ta saki salati a hankali. Na ɗauka mutumin zai ji kunya, ko ya yi borin kunya ma na ji sanyi. Ina. Ya gyara zama, ya sunkuyar da kai kamar ɗan kirki, ya yi magana da wannan lallausar muryar tasa.

"Mai yiwuwa kunnena ne ya gaza, Baba, a yi min afuwa. Sai dai in haka ne, gara a mayar da na makonnin baya ma, inda ya yi maganar gishiri da kwalbar magani. Kada a ce nan ma an samu kuskure."

Mama ta dafe bango. Baba bai ko dubi inda Tafinta yake ba. Ya daɗe yana kallon Tsoho a talabijin, wanda ya ci gaba da shafa kitsensa bai san abin da ake yi da sunansa ba. Sannan ya sauke ido kan ƙwayar da ke tafin hannunsa, ya ɗago ya dube ni.

"Ba sai an mayar da komai ba," ya ce. "Uwata, dube ni nan. Tsohon nan ya taɓa shan magani?"

Bai kai ƙwayar baki ba, bai kuma ajiye ta ba. Ni yake jira.